Zaman Ɗalibi a Gidan Baƙunci a Ƙasar Waje

A shekarar 1945 Malam Abubakar Tafawa Balewa ya bar Makarantar Midil ta Bauchi ya tafi Jami'ar Landan ƙaro ilmi, yana babban mutum. Bayan 2003 kuwa, shirin YES na Gwamnatin Amurka ya ɗebi yara 'yan sakandare daga Arewa, har da Bauchi, aka sauke su gidajen Amurkawa shekara guda.

Wahalar irin wannan yaro a gida take, ba a aji ba. An hore shi da sunkuyar da kai gaban manya, maigidan kuwa yakan zargi wanda ya ƙi haɗa ido da shi. In aka yi masa tayin abinci ya ce ya ƙoshi don kunya, da wuya a sake tayi, sai ya kwana da yunwa. Saboda haka wajibi ne iyaye su gargaɗe shi kafin ya tashi: in Musulmi ne, ranar da ya sauka ya shaida wa masu gida ba ya cin naman alade, ya kuma roƙi wurin salla inda kare ba ya shiga.