Ƙwanjin Aro: Yadda Ake Gane Masu Shan Maganin Gina Tsoka da Ɓarnar da Yake Yi wa Jiki

 

Maganata a yau kan magungunan gina tsoka ne, waɗanda likitoci ke kira sitiroyid. Asalinsu sinadarin mazakuta ne, wato testosteron, wanda maraina ke samarwa. A 1935 masana a Turai suka gano yadda ake haɗa shi a ɗakin gwaji, kuma har yau ana bai wa marasa lafiya shi bisa ƙa'ida. Ɓarnar ta soma ne da lafiyayyu suka shiga shan irinsu Dianabol, wanda ya fito kasuwa a 1958, don ƙwanji ya tashi da wuri. Yanzu da waya ke hannun kowane yaro, matashi mai ɗaga ƙarfe ko ɗan dambe zai iya ganin tallarsu ba tare da ya bar garinsu ba.

Ku lura, waɗannan daban suke da deksametazon da ake sha don ƙiba, wanda wasu ke kira sha-ka-fashe. Shi ba ya gina tsoka. Fuska da ciki yake kumburawa, ya sirantar da hannu da ƙafa, ya jawo ciwon sukari da raunin ƙashi. Wanda ya daɗe yana shansa kada ya daina rana ɗaya, sai likita ya rage masa sannu a hankali.

To, yaya ake gane mai shan maganin gina tsoka? A fagen wasanni, fitsari ake aunawa. A gasar Olamfik, an fara wannan gwaji a Montreal a 1976, kuma da shi aka kama Ben Johnson na Kanada a Seoul a 1988, aka ƙwace zinarensa na tseren mita 100 saboda sinadarin stanozolol. Idan testosteron ɗin kansa mutum ya sha, gane shi ya fi wuya, tunda jiki ma yana yin nasa. Sai masana suka lura yana da abokin tafiya mai suna epitestosteron, kuma a yawancin mutane kusan daidai suke a fitsari. Idan na farko ya ninka na biyu fiye da sau 4, sai a zurfafa bincike. Gwaji na gaba yana duba irin kabon ɗin da ke cikin sinadarin, domin na kamfani daga tsirrai irin waken suya ake haɗa shi, kuma yana zuwa da tambarinsa. Masu maguɗi kan sha maganin sa fitsari don ɓoye sawu, shi ma an haramta shi. A kansa ne 'yar Nijeriya Chika Amalaha ta rasa zinarenta na ɗaga ƙarfe a gasar Commonwealth ta Glasgow a 2014, tana da shekara 16.

Na'urorin irin waɗannan gwaje-gwaje babu su a asibitocinmu na karkara, amma jiki yana tona asiri. Za ka ga saurayi ya buɗe cikin wata biyu ko uku, kafaɗa ta cika, bayansa ya feso da manyan ƙuraje, gashin goshi ya soma zubewa, nono ya tasa kamar na budurwa, ga saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. A ɓoye kuma, maraina sun ƙanƙance, maniyyi ya yi ƙaranci, domin ƙwaƙwalwa ta ga sinadari ya wadata ta dakatar da na jiki. Mai neman ƙarin mazakuta ya ƙare da neman haihuwa. Mace kuwa murya kan yi kauri, gemu ya tsiro, al'ada ta rikice, kuma muryar ba lallai ta dawo ba. Yaron da bai gama girma ba, tsawonsa na iya tsayawa nan.

Mafi haɗari shi ne abin da ido ba ya gani: hawan jini, kaurin tsokar zuciya, toshewar jijiyoyi da kitse, da lalacewar hanta, musamman ga masu haɗiyar ƙwaya, har ido ya yi ɗorawa da shawara. Masu karɓa-karɓar allura ɗaya kuma suna buɗe ƙofa ga ciwon hanta da ƙanjamau. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Mu a nan yankin Anka da Gummi da Bukkuyum ba baƙin darasin awon jini ba ne. A 2010, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyuka irin Dareta da Abare da 'Yargalma, an yi ta zaton zazzaɓi ne, sai da aka auna jini gaskiya ta fito. Haka nan, awon hawan jini da na hanta da na kitsen jini sun isa su nuna wa likita an shiga haɗari, tun daga babban asibitin gari har zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau.

Saboda haka, masu kemis, kada ku sayar ba da takardar likita ba. Iyaye, ku tambayi ɗanku cikin lumana kafin ku yi faɗa. Kai kuma matashi da ka riga ka fara, je ka asibiti da kwalin maganin a hannunka, ka faɗi gaskiyar abin da kake sha, domin barinsa kan zo da kasala da matsananciyar damuwa, kuma akwai taimako. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.