DA ME ZA A RIƘE JIHAR TARABA? JAWABI GA 'YAN LAU MAZAUNA KUDU

Dattawa da 'yan'uwana mazauna Ikko, da Badun, da Fatakwal.

Duk wanda ya je gida Lau ya komo, labarinsa ɗaya ne: hanya ta lalace, asibiti ba magani. Sai mu ce gwamnati ta gaza. To, amma kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san inda kuɗin gwamnatin ke fitowa.

Tun da aka cire Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola a 1991, yawancin abin da take kashewa daga Asusun Tarayya yake zuwa. A tsarin rabon, Gwamnatin Tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 36 su raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi kuma kashi 20.60. Tushen wannan asusu man fetur ne, wanda ba mu ke yanka masa farashi ba. Da farashinsa ya faɗi a 2015, jihohi da dama sun kasa biyan albashi, sai da Tarayya ta kawo musu ɗauki. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

To, ina mafita? Hanyoyi huɗu ne a gabanmu.

Ta farko, harajin kai da jangali irin na zamanin En'e. Wannan ya ɗora wa talaka da attajiri kaya iri ɗaya, shi ya sa gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su a 1979. Ba abin komawa ba ne.

Ta biyu, shingayen karɓar kuɗi a kan hanya. Ku fatake kun fi kowa sanin wannan. Buhun shinkafa ko kwandon busasshen kifi in ya bar bakin Binuwai, sai an biya masa kuɗi sau da yawa kafin ya iso kasuwa. Manomi da masunci su ke ɗaukar asarar, kuma ba duka ke isa baitulmali ba.

Ta uku, rance. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda aka ci aka gina gada dabam yake da wanda aka ci aka biya albashi. Na biyun 'ya'yanmu ne za su biya, ba su ga komai ba.

Ta huɗu ita ce nake goyon baya: kuɗin ƙasa a kan filaye da gidajen birni, da haraji a kan sana'ar da ke kawo riba. Gida ba ya gudu, kuma mai bene ya fi mai bukka biya. Haka nan, in aka casa shinkafarmu a Lau maimakon a kwashe ta da ƙaiƙayinta, ma'aikatan injin a Taraba za su biya harajin albashinsu.

A nan ne maganar ta shafe mu. Bisa doka, harajin albashi na jihar da mutum ke zaune ne. Wato abin da ake yanka mana a Ikko, na Ikko ne. Sisi ba ya zuwa Jalingo. Amma da yawanmu muna da fili ko shago a gida. Mu yi musu takardu, mu biya abin da doka ta ce, mu karɓi rasit.

Sa'an nan mu ajiye rasit ɗin. Tun 2023 gwamnatin jiha ta ce karatun firamare da sakandare kyauta ne, kuma kyauta ba ta tabbata sai da kuɗi. Wanda ya biya shi ke da bakin tambayar kansila da ɗan majalisa ina malamai, ina benci. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Allah ya ba mu sa'a, ya mai da mu gida lafiya. Wassalam.