Ƙananan Kalmomin da ke Kayar da 'Ya'yanmu a Jarrabawar Turanci



Muna godiya da aka ba mu dama mu yi tsokaci a kan abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, wato faɗuwar 'ya'yanmu a darasin Turanci. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 makarantu sun yawaita, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011 a ƙofar gidanmu. Amma duk yaron da bai sami kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO ba, sai dai ya hangi jami'a daga nesa. Daga cikin abubuwan da ke kayar da su akwai mahaɗai, wato ƙananan kalmomin da ke ɗaure kalma da kalma ko jumla da jumla.

Mahaɗan Turanci kashi uku ne. Na farko su ne masu haɗa abubuwa masu daraja ɗaya, guda bakwai: and, but, or, so, for, nor da yet. Na biyu su ne masu rataya wata jumla a jikin wata, kamar because, although, if, unless da until. Na uku kuwa tagwaye ne, ba a raba su: either da or, neither da nor, both da and.

Matsalar ita ce yaro yakan yi tunani da Hausa, sannan ya zuba shi cikin Turanci. Ga wurare uku da muka fi ganin haka.

Na ɗaya, a Hausa daidai ne a ce, "Ko da yake damina ta makara, amma gero ya yi kyau." Turanci bai yarda a gwama although da but a jumla guda ba, ɗaya ake zaɓa: "Although the rain came late, the millet did well." Haka kuma because da so ba sa zama inuwa ɗaya.

Na biyu, kalmar "da" tamu sunaye take haɗawa, kamar Audu da Bala, ba ta haɗa jumloli. Mukan jero aiki ne kawai: "Ya je kasuwar Ringim, ya sayar da riɗi." Idan yaro ya kwafi wannan salo ya raba jumlolin Turanci da waƙafi kaɗai, mai gyaran takarda zai ja masa jan layi. Abin da ake so shi ne: "He went to Ringim market and sold sesame."

Na uku, unless ma'anarta "in ba", wato tana ɗauke da korewa a cikinta. Saboda haka "Unless you read, you will fail" ake cewa, ba a ƙara mata don't. Game da neither da nor kuma, aikatau yana bin sunan da ya fi kusa da shi: "Neither the teacher nor the pupils are here."

To, mene ne namu a ciki? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna roƙon duk wanda ya zo gida hutun Sallah ya ware ko da sa'a guda, ya zaunar da ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta, ya sa su rubuta masa wasiƙa da Turanci, ya bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya ya gyara. Wanda ke da tsofaffin takardun tambayoyin jarrabawa kada ya bar su ga gara, ya miƙa wa makarantar unguwarsu. Mu ma wasu ne suka zaunar da mu haka kafin mu kai inda muke.

Allah Ya albarkaci zuri'armu, Ya ɗaukaka Garki da Jihar Jigawa baki ɗaya.