Daga Malfar Jaji zuwa Lambar Yabo ta Intanet

Jawabin da aka gabatar a taron malaman firamare na shiyyar Wurno, Rabah da Goronyo



A yau muna so mu tattauna wani abu da ya soma daga jami'o'in ƙasashen waje, amma da alama ba zai daɗe ba zai ƙwanƙwasa mana ƙofa. Shi ne lambar yabo ta intanet, wadda jami'a ke bai wa malaminta idan ya tsara darasin da ake koyo daga nesa, ya kuma tsara shi yadda makaho da kurma za su amfana kamar kowa.

Lambar ba ƙarfe ba ce da ake maƙalawa a ƙirji. Ɗan hoto ne a kwamfuta, amma a cikinsa an adana sunan wanda ya bayar, da sunan wanda ya karɓa, da sharuɗɗan da ya cika. Duk mai shakka yana iya latsawa ya tabbatar. Gidauniyar Mozilla ce ta fito da wannan tsari a 2011, da tallafin Gidauniyar MacArthur ta Amurka. Sharuɗɗan kuwa ba su da wuyar fahimta: a sa rubutu ƙarƙashin bidiyo domin wanda ba ya ji, a bayyana kowane hoto da kalmomi domin na'urar da ke karanta wa makaho, a zaɓi launin da ba zai wahalar da mai raunin gani ba.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. A Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance tun 1837, kowa ya san labarin ƙanwarsa Nana Asma'u da 'Yan Taru. Ta ga matan ƙauye ba za su iya barin gidajensu su zo gabanta ba, sai ta horar da jajoji, ta ba su karatu cikin waƙoƙi masu sauƙin hadda, su kai shi har tsakar gida. Jajin da ta cancanta kuwa, Nana takan ba ta malfa a naɗe da jan ƙyalle. Wanda ya ga malfar ya san wa ya bayar, ya san mai ita ta iya. Ashe koyarwa daga nesa da shaidar ƙwarewa duk mun gaje su.

Sai dai malfar tana da daraja ne saboda karatun ya isa ga waɗanda aka nufa. A nan ne za mu auna kanmu. Da aka rufe makarantu a Maris 2020 saboda korona, yaranmu nawa ne darasin waya ya riska? A Satumba 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, har da Rabah da Goronyo. A lokacin, darasin da sai da intanet yake buɗewa ya zama rijiya ba guga. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport, kuma abin maraba ne. Amma ɗan manomin albasa da ke bakin madatsar Goronyo, wanda wayar gidansu ɗaya ce kuma tana aljihun mahaifinsa, shi ma yana cikin waɗanda ya wajaba a sauƙaƙa wa hanya.

Haka batun masu buƙata ta musamman. Dokar hana nuna musu bambanci ta samu sa hannun shugaban ƙasa a Janairu 2019. Makarantar A. A. Raji da ke Sakkwato tana iyakar ƙoƙarinta, amma ba kowane uba ne zai iya kai ɗansa birni ba. Dukkanmu mun san yaron da ke zama a layin baya, muna ɗauka daƙiƙi ne, alhali allon ne ba ya gani.

Saboda haka muna miƙa wa shugabannin ƙungiya buƙatu uku su kai gaba. Na farko, idan wannan lamba ta iso ga malaman firamare, hukumomin TRCN da SUBEB su lissafa ta cikin horon ƙaro ƙwarewa da kuma ƙarin girma, domin yabon da ba ya taɓa albashi ado ne kawai. Na biyu, kada kuɗin data da na cajin waya su fito daga aljihun malami. In ba haka ba, na birni za su kwashe lambobin, na karkara su zama 'yan kallo. Na uku, a sa cikin sharuɗɗan cewa darasi ya kasance da Hausa, ya yi aiki ba tare da intanet ba, a iya saurarensa a ƙaramar waya ko rediyo. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna da malaman da za su iya horar da mu a kan haka.

Namu aikin kuwa ba ya jiran kowa. Tun daga ranar Litinin, mu gano yaron da ba ya gani sosai ko ba ya ji sosai, mu dawo da shi gaba. Mu ƙara girman rubutu a allo. Mu riƙa faɗin abin da muke rubutawa da baki, muna fuskantar aji. Wanda ya iya naɗar murya a waya ya koya wa maƙwabcinsa. In lambar ta zo, ta tarar mun cancance ta.

Allah ya ba yankinmu zaman lafiya, ya albarkaci zuri'armu da ɗalibanmu.