Jawabi a Kan Itacen da Ba Ya Cin Wuri

Kowa ya ajiye fensirinsa tukuna, yau magana za mu fara yi, rubutu ya biyo baya.

Dukanmu mun san abin da ke faruwa a gidajenmu. Gidan da kakanmu ya zauna shi kaɗai da iyalinsa, yau an raba shi kashi huɗu ko biyar, tsakar gida ta zama 'yar mitsitsiya. Mutum ya so inuwa, ya samo ɗan darbejiya ko reshen cediya ya kafa jikin katanga. Shekara goma ba ta cika ba sai katanga ta tsage, rassa su tsallaka gidan maƙwabci, ganye ya toshe indararo. Daga nan sai magana ta kai gaban mai unguwa, ƙarshenta a ɗauko gatari. An yi hasarar itace, an yi hasarar bango, wani lokaci har da zumunci.

Mutanen Ingila sun riga mu shiga wannan matsi. A biranensu akwai gidaje da yawa da a ke ginawa a jere, bango ɗaya ya raba wannan da wancan. Bayan kowane gida akwai ɗan fili dogo siriri, wani faɗinsa bai fi ƙafa 15 ba. Nan ne lambun mai gida. Ba lalle don albasa ko tumatir ya ke yinsa ba, sau da yawa don sha'awar ido ne kawai, ya dawo daga aiki ya zauna ya dubi furanni. Irin wannan mutum ba shi da wurin babban itace. Don haka masu renon itatuwa suka nemo masa irin da ke miƙewa sama sak kamar tabarya, ba ya baza rassa gefe.

Wanda ya fi suna cikin irin waɗannan daga ƙasar Japan ya fito. Sunansa Amanogawa. Ku duba allo, ga shi mun raba shi gaɓa gaɓa: A-ma-no-ga-wa. Kun ga ba shi da wuyar karatu, sai ka ce kalmar Hausa. Ma'anarsa da harshensu kogin sama, watau farin zanen taurarin nan da ke ratsa sararin sama a daren da babu wata. Shi dangin itacen ceri ne, wanda Japanawa ke kira sakura, amma ba don 'ya'yansa a ke shuka shi ba, don furensa ne da ganyensa.

Saura kaɗan irin nan ya ɓace daga duniya. A da, manyan sarakunan Japan su ke da lambuna a babban birninsu, cike da ceri iri iri. A shekarar 1868 mulki ya sake, sarakunan nan suka bar gidajensu, aka shiga sare itatuwan. Wani mai aikin lambu, Takagi Magoemon, ya bi gida gida yana karɓo rassa, yana renonsu a wurinsa. A 1886 aka ɗauki iri 78 aka dasa su a gaɓar kogin Arakawa, kusa da Tokyo, Amanogawa kuwa yana cikinsu. A 1916 wani malamin ilmin tsire-tsire, Miyoshi Manabu, ya rubuta bayanin itatuwan wannan gaɓa a littafi. Yau ana sayar da Amanogawa a Ingila da sauran ƙasashen Turai da Amurka. Ku lura, mutum ɗaya ne ya tsare irin, rubutu kuma ya tsare sunan.

To, yaya kamanninsa? Cikin shekara 20 ya kan kai kamar ƙafa 20 a tsawo, faɗinsa kuwa wajen ƙafa 6. Rassansa duka sama su ke dubawa, suna manne da uwar itacen kamar tsintsiyar da aka ɗaure aka tsai da ita. Wajen ƙarshen Afril zuwa farkon Mayu ya kan rufe da fure mai ruwan hoda, mai ɗan ƙanshi, tun daga ƙasa har bisa. Sabon ganye ya fito da launin tagulla, sa'an nan ya koma kore. Haka zai zauna har watan Oktoba.

A nan sai mun tsaya mun yi bayani, domin kakarsu ba irin tamu ba ce. Mu kakarmu lokacin girbi ne, ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe. Su kuwa kakarsu ƙofar ɗari ce. Daga Satumba yini ya kan riƙa raguwa ƙwarai, har a Disamba rana ba ta cika awa 8 a sama a birnin London. Sanyi ya sauko, wani lokaci ruwa ya daskare a ƙasa. Itace mai laushin ganye ba ya iya riƙe ganyensa cikin wannan hali, sai ya zubar ya yi barci har ɗumi ya komo. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Kuka ma ta kan tuɓe ganyenta da rani, gawo kuwa ya tuɓe nasa da damina. Bambancin shi ne, kafin nasu ganyen ya faɗi sai ya rine, wani ruwan ɗorawa, wani ruwan goro, wani ja wur. Amanogawa ya kan yi ruwan goro da ja, ka hango shi tsaye a lungun gida sai ka ce harshen wuta.

Me ke kawo wannan rini? Koren da ke cikin ganye shi ne ma'aikacin itace. Shi ke kama hasken rana, ya haɗa da ruwa da iska ya yi wa itace abinci, watau sukari. In yini ya gajarta, itace ya kan daina yin sabon kore, ya rushe tsohon, ya janye abin amfanin da ke cikinsa ya kai rassa da saiwa ya ɓoye, kamar yadda mu ke kwashe hatsi daga gona mu kai rumbu. Ruwan ɗorawan nan dama yana cikin ganyen tun farko, kore ne ya rufe shi, da kore ya tafi sai ya bayyana. Ja kuwa sabo ne, a lokacin a ke yinsa daga sukarin da ya rage cikin ganye. Shi ya sa shekarar da aka sami rana mai haske da dare mai sanyi ja ya kan fi kyau. In kuwa hadari ya rufe sama kullum, ko iska mai ƙarfi ta taso, sai ganye ya zube ba a ga kome ba. Abin duka mako biyu ne ko uku. Wani cikinku zai ce, a yi ta wahala shekara guda don kallon mako biyu? To, mu ma mu kan yi wa doki kwalliya don hawan Salla na yini ɗaya.

Yanzu ga abin da ya kamata manomi ya riƙe. Ba a samun wannan itace daga ƙwallo. In ka shuka ƙwallonsa, abin da zai tsiro ba lalle ya gaji tsayuwar uwarsa ba, yana iya bazuwa kamar sauran ceri. Sai dai a yi masa aure, kamar yadda malamin gona ke yi wa mangwaro da lemo. A yanko ido ko ɗan reshe daga Amanogawa na ainihi, a ɗaura a kan gindin wani ceri mai ƙarfin saiwa. Saboda haka duk Amanogawa da ke duniya, in ka bi salsala, jikin itace ɗaya ne a ke ta rabawa. In wani toho ya fito daga ƙarƙashin wurin auren, na gindin ne, a cire shi nan da nan, in ba haka ba ya ƙwace abincin ya kashe na saman. Masu mangwaron aure sun san wannan.

Lokacin dashe a Ingila daga Nuwamba ne zuwa Maris, sa'ad da itacen ke barci, muddin ƙasa ba ta daskare ba. A kan zaɓi wurin da rana ke samu, wanda ruwa ba ya kwanciya. Rami ya fi tushen faɗi kamar sau uku, amma kada ya fi shi zurfi. Wannan kuskure ne da mutane ke yawan yi a can, mu ma muna yi a nan: a binne wuyan itace cikin ƙasa, a ce don ya yi ƙarfi, alhali ruɓewa zai yi. Inda ƙasa ta tsaya masa a wurin reno, nan za ta tsaya masa a gida. Sa'an nan a kafa turke, a ɗaure shi da abu mai laushi don kada iska ta girgiza saiwar, a kwance bayan shekara biyu. A zagaye gindin da ruɓaɓɓen ganye ko taki, amma kada ya taɓa jikin itacen. Shekara biyu ko uku na fari a riƙa ba shi ruwa lokacin zafi, a ƙoshe shi sau ɗaya a mako ya fi a yayyafa masa kullum.

Ba ya son yawan sara. In reshe ya mutu ko ya karkace, a yanke shi tsakiyar lokacin zafi, wajen Yuli, ba da ɗari ba, domin da sanyi da laima ne cututtukan ceri ke shiga ta bakin yanka. Yana da aibinsa kuma, kada mu ɓoye. Saiwarsa sama sama ta ke bi, ta kan ɗaga daɓe in an matsa shi da yawa. Ƙanƙara mai nauyi ta kan buɗe rassansa, sai an ɗaure su. In ya tsufa ya kan saki jiki, faɗinsa ya kai ƙafa 10 ko fiye. Ba shi kuma da tsawon rai irin na kuka ko tsamiya, wanda ya dasa shi yana saurayi yana iya ganin ƙarshensa.

Akwai wani siririn itace da ya kamata ku ji labarinsa, domin shi ne ya yaudari mutane da yawa. Sunansa fofla na Lambadi, daga arewacin Italiya. Ya iso Ingila a 1758, ya isa Amurka a 1784. Da reshe a ke dasa shi kamar rogo, yana girma da sauri, da kaka kuma ganyensa ya koma ruwan ɗorawa, gwanin kyau. Mai ƙaramin gida ya gan shi siriri, ya ce ai wannan ba ya cin wuri. Ashe sama ce kaɗai ba ya ci. Tsawonsa ya kan kai ƙafa 100, saiwarsa kuma ta yi nisa ƙwarai tana neman ruwa, ta kutsa cikin bututun da ya tsage ta toshe shi. Ƙasar London da kewayenta yumɓu ce, irin mai tsukewa in ta bushe, kamar yadda fadama ke daddarewa da rani. In itace mai ƙishirwa ya tsotse ruwan da ke ƙarƙashin harsashin gini, ƙasa ta janye, bango ya tsage. A 1976 aka yi babban fari a Ingila, gidaje masu yawa suka tsattsage, itatuwan da ke kusa da gini kuwa suka ƙara ɓarnar. Yanzu shawarar masana gini ita ce, a kan yumɓu, a nisanta fofla da gida gwargwadon tsawon da zai kai, ko fiye. Wurinsa bakin gona ne da gefen hanya.

Mun san tambayar da ke bakinku: in mun samo Amanogawa, zai yi a nan? Ba zai yi ba. Sai ya sha ɗari na watanni kafin ya yi fure, hunturunmu kuwa bai kai masa ba, zafin bazararmu kuma ya fi ƙarfinsa. Kada wani ya karɓi kuɗinku a kan wannan.

Amma muna da masu tsayuwa irin tasa. Waɗanda suka je Kano ko Kaduna ko Abuja sun ga wani dogon siririn itace a ƙofar gidaje da ofisoshi, ganyensa dogaye masu sheƙi, rassansa sun rataya ƙasa kamar mai sanye da doguwar riga. Asalinsa daga Indiya ne. Ba ya tuɓe ganye, sabon tohonsa kuma ja-ja ne kafin ya koma kore. Yana son ban ruwa da rani, musamman yana ƙarami, inuwarsa kuwa kaɗan ce, ado ne da kare ƙura. Wanda rijiya ta yi masa nisa ya yi tunani tukuna. A ganinmu, ga ƙaramin gida a ƙauye, zogale ko gwanda sun fi, ba su cin wuri, ga miya ga marmari. Itacen turare kuwa shi ne foflanmu, siriri a sama, mai ƙishirwa a ƙasa, a bar shi can bayan gari. Mai son ganin jan ganye da idonsa, ya lura da itacen nan mai faffaɗan ganye da rassa hawa hawa kamar laima, wanda a kan shuka a makarantu, yara na fasa ƙwallonsa su ci. Da rani ganyensa ya kan yi ja kafin ya faɗi. Sai dai shi mai bazuwa ne, ba na lungu ba.

To, yanzu a ɗauki fensir. Ga aikin gida. Kowa ya auna tsakar gidansa da taki, tsawo da faɗi, ya rubuta lambobin. Ya rubuta taki nawa ne daga inda ya ke so ya dasa itace zuwa bango mafi kusa, da zuwa rijiya, da zuwa katangar maƙwabci. A ƙarƙashi ya rubuta sunan itacen da ya ke so. Sa'an nan ya nemi babba irinsa a gari, wanda ya shekara ashirin ko fiye, ya auna faɗin inuwarsa da tsakar rana, ya rubuta wannan ma. Ran Laraba kowa ya zo da takardarsa, za mu karanta su ɗaya ɗaya a gaban malamin daji. Allah ya kai mu.