Ƙuna Da Gobara: Minti Ashirin Na Farko

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na shigowar hunturu)



An ce mu ɗan yi magana a kan ƙuna da gobara tun da yake ga hunturu ya kama. To mu dai ba likitoci ba ne, 'yan kasuwa ne, amma wanda ya ga yadda kasuwar garin nan ta Kafanchan ta ƙone a 2011 ba sai an gaya masa mece ce wuta ba. Waccan ta rikici ce, Allah ya kiyaye gaba. Wadda muke magana a kanta yau ita ce wadda muke kwana da ita a ɗaka: kaskon garwashi, risho, tukunyar gas, da jarkar fetur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum wajen 180,000 a kowace shekara, kuma akasarinsu a ƙasashe irin namu ne.

Abin da ya sa maganar ta fi damunmu shi ne nisa. Muna da babban asibiti a nan, amma in ƙuna ta yi tsanani sai an dangana da asibitin koyarwa na Jos ko na Shika a Zariya. Ku duba tafiyar, ku duba kuɗin mota da na magani. Saboda haka abin da aka yi wa mai ƙuna a tsakar gida, kafin a samo mota, shi ne sau da yawa yake raba wanda zai warke sumul da wanda zai rayu da tabo.

To me ake yi? Ruwa, jama'a. Ruwan sanyi mai tsabta, na famfo ko na randa, a yi ta kwarara shi a kan wurin har minti 20. A duba agogo, kada a yi kirdado. Dalili kuwa, ko an janye hannu daga wuta zafin yana nan cikin nama yana ci gaba da dafa shi, kamar yadda tukunya ke ci gaba da tafasa bayan an sauke ta. A cire zobe da awarwaro da agogo tun wuri bai kumbura ba, amma tufar da ta manne da fata a bar ta. Ban da ƙanƙara. In yaro ne, a lulluɓe sauran jikinsa don kada sanyi ya kama shi. Daga nan sai a rufe wurin da ƙyalle mai tsabta, a bar bororon kada a fasa.

Abin da muka saba yi kuwa, wannan ya kawo ɗanyen ƙwai, wancan man goge baki, wata manja, wani baƙin mai ko gasara ko toka. Duk da kyakkyawar niyya ake yi, amma suna tsare zafin a ciki, suna kuma kai datti cikin ciwo, sannan in an je asibiti sai an kankare su, yaro yana ihu. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska, ko hannu, ko gaba, ko kan gaɓa, ko ta lantarki, ko wadda ta yi fari ko baƙi ba ta ma zafi, duk na asibiti ne a ranar. Jinkiri shi ke sa yatsu su manne, ko wuya ya naɗe.

In wuta ta kama tufa, kada a ruga da gudu, gudu fifita ce. A faɗi ƙasa a yi birgima, na kusa ya lulluɓa bargo. Iyayenmu mata, hijabi da mayafi na roba ba sa shiri da murhu, narkewa suke yi su like a jiki. Masu tuyar ƙosai da awara, in mai ya kama wuta a rufe kaskon da murfi, ruwa tashi yake sa ta yi. Ruwan wankan yara kuma a fara zuba na sanyi a bokiti kafin na zafi, kada a bar tafasasshen ruwa a ƙasa inda mai rarrafe zai kai.

Sai fetur. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 man ya zama abin ɓoyo, har wasu na ajiye jarka a ɗakin kwana ko a rumfa kusa da buhunan citta. A watan Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta Jihar Jigawa, mutane suka fito kwasa, sama da 150 suka rasu. Bayan wata uku aka sake yin irinta a mahaɗar Dikko kusa da Suleja, sama da 80 suka tafi. Tankokin nan suna bin hanyoyinmu na Kagoro da Kwoi da Gidan Waya kullum. Mu gaya wa samarinmu da 'yan bumburutu, in tanka ta faɗi ba ganima ba ce, a yi nesa da ita.

Gas ma haka. A watan Janairun 2020 wani wurin sayar da gas ya fashe a Sabon Tasha cikin Kaduna, har Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, ya rasu. In an ji warin gas, ban da ashana, ban da kunna ko kashe fitilar lantarki. A rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga. Da ruwan kumfa ake gwada yoyo.

Wani zai ce ai ƙaddara ce. Gaskiya ne, amma mun karanta tun a Islamiyya cewa da wani gida ya ƙone da dare a Madina, Manzon Allah (SAW) umurni ya yi a riƙa kashe wuta kafin a kwanta. Wannan ya haɗa da kasko, da kyandir, da maganin sauro na kunnawa a kusa da katifa.

Shawararmu ga ƙungiya guda uku ce. Kowace rumfa ta ajiye bokitin yashi, kowane layi a yi karo-karo a sayi tukunyar kashe gobara. A daina jone-jonen waya barkatai, a kashe komai kafin a kulle shago. Sannan a roƙi ma'aikatan asibiti da 'yan kwana-kwana su zo su koya mana a aikace, mu gayyato maƙwabtanmu Fantswam da Bajju da Kagoro da Ibo da Yarbawa, don in rumfa ɗaya ta kama, wuta ba ta tambayar ta wane ce ta gaba.

Allah ya tsare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu, ya ba marasa lafiya sauƙi.