Jaka guda ba abin kunya ba ce

Jawabin da aka gabatar a madadin ƙananan 'yan kasuwa na reshen Akanda, ranar bikin zagayowar kafa ƙungiya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

 

An ce mu yi bayani a kan gidauniyar masallaci da Islamiyyar Akanda. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanto muku. Mu laifinmu muka zo mu faɗa, domin muna jin akwai irinmu a kowane reshe.

Kun san yadda muka zo unguwar nan. Da aka gina filin ƙwallo na Angondjé don gasar Afirka ta 2012, gine-gine suka biyo baya, har Akanda ta zama gari mai magajinta a 2013. Inda jama'a ta tafi, nan ɗan kasuwa yake bi. Masu tsire, masu shayi, 'yan tireda da masu saro albasa a Mont-Bouët muka tare. Salloli biyar muna yin su a wata rumfar kwano a filin aro. Juma'a sai mun shiga gari, wasunmu har Masallacin Hassan II, kuma duk wanda ya san cunkoson hanyar filin jirgin Léon Mba ya san sau nawa huɗuba ta wuce mu muna cikin tasi. Yaranmu kuwa idan ruwa ya sauko an tashi karatu ke nan.

Ana nan sai mai filin ya ce zai sayar. Ya yi mana mutunci, ya ce mu ne a gaba in muna da kuɗi, ya ba mu wa'adi.

Ranar buɗe gidauniya an kafa lasifika. A kira sunan Alhaji wane, a faɗi abin da ya bayar, a yi kabbara. Mu muna sahun baya, wani da jaka biyu a aljihu, wani da jaka biyar. Kowa ya taɓa aljihunsa sai ya ji abin ya ƙanƙance. Ɗaya bayan ɗaya muka riƙa miƙewa wai za mu sake alwala. Har aka shafa fatiha ba mu gama alwalar nan ba.

Hujjoji muna da su. Katin zama yana jiran sabuntawa, iyali a gida suna jiran aike, kuɗin haya ga shi nan. Duk gaskiya ne, amma ba su suka fitar da mu ba. Tsoro muke ji a kira sunanmu a ce sefa 2,000, mutane su waiwayo. Da kwamiti ya nemi masu zagayawa karɓar gudummawa ma zamewa muka yi. Muka ce mu ba malamai ba ne, Faransancinmu na ciniki ne, kuma wa zai danƙa wa mai tsire kuɗin masallaci?

Manyanmu sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu, amma kuɗin bai kai ba. Wata safiya muka fito sallar asuba, gari na wayewa sai ga wasu baƙi da tef suna awon wurin da muke shimfiɗa tabarma.

A daren nan ne limaminmu ya zaunar da mu, ya tuna mana shirin yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira. Sayyidina Usman ya ba da raƙuma ɗaruruwa. Wani sahabi kuma talaka ya yi aikin ƙwadago, aka biya shi da dabino, ya kawo ɗan abin da ya samu. Munafukai suka ce mai yawa riya yake yi, mai kaɗan kuma Allah ba ya bukatar nasa. Aya ta sauka a Suratut Tauba tana zargin masu ba'a, ba mai dabino ba. Sannan Malam ya tambaye mu wa ya yi mana ba'a ranar gidauniya. Muka yi shiru, don babu kowa. Mu muka tsaya a matsayin masu ba'ar, muka yi wa kanmu.

Daga nan muka fara duban kanmu da kyau. Mu ne ake ba wa kuɗin mutum biyar mu haye kogin Ntem ta Eboro, mu saro kaya a Abang-Minko'o, mu dawo ko dala ba ta yi ciwon kai ba. Mu ne muke ciniki da mutanen ƙasa da na Mali da na Senegal da Faransancin nan da muka raina. Kuma kusan kowannenmu da adashi ya haɗa jarinsa na farko. Wanda ya san yadda zubin kullum yake zama teburin shayi, bai kamata a koya masa cewa da yayyafi kogi kan cika ba.

Sai muka kai wa kwamiti roƙo uku. Na farko, a daina faɗin adadi a lasifika, a yi wa duk wanda ya bayar addu'a iri ɗaya. Na biyu, a mai da gudummawar zubi irin na adashi, jaka guda kowace Juma'a, wanda ya fi ƙarfin haka ya ƙara. Na uku, masu karɓa su fita biyu-biyu da littafin rasit, a kafe lissafi a bangon masallaci duk ƙarshen wata. Suka amince.

Fitarmu ta farko ba ta yi daɗi ba. Wani ya ce mu dawo gobe, wani ya tambaye mu wa ya aiko mu. Amma mun koma, kamar yadda muke komawa wurin mai bashi. Iyayenmu mata masu ƙosai da masu tuwo su suka fi kowa cika alkawari, ba su taɓa tsallake Juma'a ba. Da alhazai suka ga littafin yana cika, suka koma wurin mai fili suka tsaya mana, ya ƙara wa'adi. Yau filin ya zama na jama'a, gini ya kai linta.

Saura rufi. Ranin Libreville gajere ne, kafin Oktoba ruwa ya dawo, kuma bulon da ba shi da kwano a kansa ba ya jure daminar garin nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Littafin rasit yana bakin ƙofa. Wanda ke da bandir ɗin kwano ya kawo, wanda ke da kuɗin ƙusa ya kawo. 'Yan uwanmu na sahun baya kuma, mun san dabarar alwalar nan, mu muka ƙirƙiro ta. Ku zauna tare da mu har a shafa fatiha.

Allah ya karɓa daga mai yawa da mai kaɗan. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka buɗe mana hanyar nan da ƙafa, ya tsare fatake a kan iyaka, ya sa albarka a kasuwa, ya ja zamanin wannan ƙungiya.